Marigayiyar Shagona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karɓo tallafin gwamnati a Karaye ba. Shekara huɗu ina zaman kashe wando, sai ga sunana cikin matasan da aka koya wa ɗinki. Aka ba kowa keken ɗinki da mutum-mutumin roba na rataye kaya, siffar mace, ba kai ba hannu.

Ni da shegen ɓoye-ɓoye, kada 'yan garinmu Yammedi su sa min ido, sai na bar keken wajen abokina, na naɗe robar da farin yadin da aka ba mu na gwaji, na ƙara da tabarma, na ɗaure sama da ƙasa. Na kwantar da ita a bayan a-kori-kura, na zauna na dafa ta saboda gargada. Na manta kowa ya san Inna, mahaifiyata, kwananta shida tana kwance a asibiti a Karaye.

Tun a hanya na ga manoma suna ajiye fartanya suna miƙewa tsaye. Muka shiga gari da azahar, tsit, har mai niƙa ya kashe inji. A ƙofar gidanmu dattawa sun jeru kan tabarmi, ba mai kallon idona. Daga cikin gida kuka na tashi ƙasa-ƙasa. Na ce shi ke nan, Inna ta cika ina can ina bin layi. Na fashe da kuka.

Kawu Sale, ƙanen Inna, ya dafa kafaɗata. "Sai haƙuri, ɗana. Wani ya gan ka a hanya ya bugo mana. Har an gama haƙa kabari." (Wayar ƙanwata mai jinyar Inna a asibiti, kamar kullum, ba caji.)

Mutum huɗu suka kama tabarmar da bisimilla, suka yunƙura, ta tashi sama sakayau kamar kara. Liman ya ja da baya. Sai a lokacin na gane gawar da ake jira.

"Kawu," na ce, "wannan ta gwamnati ce."

Aka kwance, aka ga mace ba kai. Salatin da aka saka har yau yana kunnena.

Ni kaɗai na mayar da ƙasar kabarin nan. Bayan kwana uku Inna ta dawo da ƙafarta, ta ce in kai ta ta ga inda na tanadar mata.

Yanzu shagona na ci, sai dai duk matar da ta shigo cewa take, "A yi min irin na jikin Marigayiya." Tun daga ranar, ko allura gwamnati ta ba ni, a tafin hannu nake shigowa da ita gari.