Kaset Mai Hoton Uwa da Jariri

Shekarar da maigidan ya sayo bidiyo, ni na naɗa kaina mai tace fim a gidanmu na Rogo, saboda fargabar abin da 'yata Ummi za ta gani. Ban iya karatu ba, amma na yarda da idona. In na dubi hoton kwali, sai in zayyana labarin tas.

Da surukata ta zo daga ƙauyen Turawa, ta ce akwatin nan ɓata yara yake yi, a sayar. Na zaro kaset mai hoton uwa rungume da jariri.

"Inna, ku zauna ku gani. Wannan tarbiyya ce zalla."

Ashe mai shagon da muke hayar kaset, duk kwalin da hannunsa ya kai yake zura kaset. Ina kunnawa, sai ga ƙarti biyu daga su sai ɗan kamfai, ɗaya ya maka wa ɗaya kujera. Ummi ta hau tafi.

Inna ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Wanne ne uwar?"

Bidiyo dai ya bar gidan. Har yau, in jikoki suka kaure da dambe, sai Inna ta ƙwala mini kira: "'Yar nan, fito, an sa tarbiyyarki!"