Ƙyauren da Aka Wanke Aka Sha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta huce ba, Tasalla tela, matar Abdulgani direban babbar mota, ta unguwar Kilomita Biyar a nan Bangi, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Ƙyauren ɗakin girkinta. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, ana tsakiyar tawayen sojoji karo na biyu, bayan shekara goma sha ɗaya yana bakin aiki. Ba gara ce ta ci shi ba. Kashe shi aka yi, kuma mai sanarwa ta san waɗanda suka kashe shi, su bakwai, har da rigunan da ke jikinsu, don ita ta ɗinka huɗu daga ciki.

Marigayin katako ne baƙi, mai faɗi, mai kunya. Maganarsa biyu ce duk rayuwarsa: ƙiiii in an buɗe shi, garam in ran Tasalla ya ɓaci. Ya tsare nama daga kyanwar maƙwabta, ya tsare yara daga murhu, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Amma babban aikinsa, wanda ya sa ake wannan kuka, shi ne riƙon amana. Tasalla tana rubuta labari. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa rage mata aiki don ta yi. Da sassafe wanki, sai shirya Zuwaira makaranta, sai ta goya ƙaramar ta nufi kasuwa ta taka keken ɗinki har la'asar, ta dawo ta hau tuƙa tuwon rogo. Mai gidan rabin wata yana hanyar Kamaru. Hannunta in ba a jiƙe ba, to da manja, ita kuwa jimla mai daɗi ba ta da ta ido, sai miya na tafasa take zuwa. Takarda ba ta jure wannan rayuwa. Shi ya sa allin ɗinki ba ya rabuwa da ɗankwalinta. Jimla na zuwa sai ta juya ta rubuta a jikin marigayin, da ajami, yadda mahaifinta mutumin Damagaram ya koya mata. Ran Juma'a ta kwafe a littafi ta goge. Shekara uku a haka, babi goma sha tara, marigayin bai taɓa ɓatar mata da ko wasali ba.

Mai sanarwa ta amsa laifi ɗaya, kuma ɗaya ne tak. Don kada yara su goge mata da yatsa, ta taɓa ce musu rubutun tsari ne, wanda ya taɓa hannunsa zai shanye. Yara suka kai maganar waje, unguwa ta riƙe.

Da harbi ya ɓarke aka rufe kasuwa, kowa na kuka da zaman gida, Tasalla kuwa, Allah ya yafe mata, daɗi ta ji. Tun da ta yi aure ba ta taɓa samun kwana uku nata na kanta ba. A cikinsu babin ƙarshe ya zo mata gaba ɗaya. Ta cika marigayin ciki da waje, daga sama har inda sai ta durƙusa. Littafin kwafi kuwa yana kulle a rumfarta a kasuwa. Ranar Talata harbi ya lafa, ta bar yaran wurin maƙwabciya, ta bi lungu-lungu ta ɗauko shi. Ta dawo da littafi a hammata ta tarar da ɗakin girki baki buɗe.

A bakin titi ta same su. Yayan mijinta, Abdulmutallib mai sayar da ƙusa, wanda ya naɗa kansa shugaban shingen tsaron unguwa ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya jingine marigayin a kan baho. Mutumin da ya gudu daga makarantar allo tun bai haɗa baƙi ba. Ya wanke ciki, ya wanke waje, ƙatti shida na miƙa wa juna kofi.

"Uwar Zuwaira, singila, wato mun gode!" in ji shi, farin alli a gashin bakinsa. "Kina da irin wannan a gida kika yi shiru, ana ta harbe mutane? Yanzu kam harsashi sai dai ya gaishe mu ya wuce."

"Yaya, duka kuka wanke?"

"Tas! Har na ƙasan nan, ƙanana-ƙanana. Shi ya fi ɗaci, da ji ka san shi ne mai ƙarfin."

Nan kan kwalta ta zauna, mace da girmanta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka sace mata kan keke. Su kuwa suka kafa marigayin tsirara tsakanin tayu biyu. Kafin azahar motar sojoji ta zo, jaruman bakwai suka tsallake kwata suka bar shi shi kaɗai, motar ta bi ta kansa. Maganarsa ta ƙarshe ƙaras ce.

Ya rasu ya bar sakata ɗaya, da ƙarafa biyu da ke reto a jikin bango, da babi goma sha tara marayu. Tasalla ta yi kwana tara tana neman babin nan a kanta. Ta tuna abin da ya faru a ciki, amma kalmomin sun tafi, kuma ta san irinsu ba sa zuwa sau biyu ga macen da ke da wanki. An buɗe kasuwa, an koma gidan jiya.

Saboda haka, don sauke nauyi, tana sanar da mutum bakwai ɗin abin da suka sha. Ba addu'a ba ce. Babin da azzalumin labarin ya gamu da sakayya ne. A shafin waje cikinsa ya fara ƙugi. A shafin ciki ya kumbura har rigarsa ta ƙi shiga. Rubutun ƙasan nan ƙanana, wanda Yaya ya ce ya fi ɗaci, shi ne inda mutumin ya fashe a tsakiyar kasuwa ran Juma'a, jama'a na kallo. Mai sanarwa ba malama ba ce, ba ta ce komai zai samu kowa ba. Ta dai ji an ce tun ranar Laraba buta ba ta huta ba a gidan Yaya, kuma ya aiko a buɗa masa wando.

An riga an tattara gawar a buhu, za a binne ta gobe Asabar da safe a gindin mangwaron tsakar gida. Mata za su zauna a inuwa, za a ba su shayi. Maza bakwai ɗin, in suna so a sake rubuta babin, a duba ko azzalumin zai samu sassauci, ga inda za su yi zaman makoki: biyu a bakin famfo da bokiti, biyu kan wanki, ɗaya kan turmi, ɗaya ya kai Zuwaira makaranta ya ɗauko ta. Yaya Abdulmutallib zai cire ƙyauren ɗakinsa ya zo da shi a ka, ya kafa da ƙusarsa, sannan a goya masa ƙaramar.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa kullum har ranar da aka gama babin. Mai sanarwa tana roƙon jama'a su yi haƙuri, hannunta ba ya sauri.