Ni Na Koya wa Rabi Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Maryam ɗakinta a unguwar Gidan Igwai ba. Ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba.

Bari in fara da Rabi, yayar amaryar, 'yar Kawu Shehu mai fataucin shanu. Taubashiyata ce, unguwa ɗaya muka tashi a Tudun Wada, kuma na girme ta. Ni na koya mata mota a hanyar Kwalkwalawa lokacin muna jami'a. Sai ga shi ta yi aure, miji ya ɗauke ta sun koma Ingila, ni kuwa ina nan ina fama da alli a firamare. Duk hoton da ta turo cikin rigar sanyi sai in rubuta mata "Masha Allah", in kife wayar in ja tsaki. Ƙyashi ne tsagwaronsa, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Wata rana muna waya ta yi min ƙorafi. Ashe lasin tuƙinmu na Najeriya shekara ɗaya kacal yake aiki a can. Ba a musanya shi da nasu kamar yadda ake yi wa na wasu ƙasashe, dole mutum ya koma ɗan koyo, ya yi jarrabawar rubutu, sannan ya yi ta tuƙi. Ta yi ta tuƙin sau biyu, sau biyun tana faɗuwa. Na ce, "Ayya, Allah Sarki, sannu." Ina ajiye wayar na ji yunwa ta taso min, na ƙara tuwo (ni da na kwana biyu ba na iya cin abinci sosai).

Da bikin Maryam ya zo, Rabi ta dawo gida fes da ita, har wani ƙamshi take yi wanda ban san irinsa ba. Mata suka yi mata caa, ni ko lallen da na sha wahalar zaman sa shi ba wanda ya kalla. Abu ɗaya ya rage min a dangin nan: ni ce macen da ta iya mota. Don haka na sa a raina ni zan tuƙa amarya a sabuwar motar Kawu, kowa ya gani.

Bayan la'asar Kawu ya fito ƙofar gida da makulli, ya miƙa wa Rabi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kawu, amarya hwa za a ɗauka. Wagga da Turawa sun ka kayar sau biyu, sun ka ce lasinta ya daina aiki?"

Kowa ya juya ya dubi Rabi. Ashe ko Kawu bai san zancen ba. Rabi ta dube ni, ta ɗan yi murmushi, ta ce, "Baba, ba Yaya makullin. Ai ita ta koya min."

Na karɓe ba kunya. Rabi ta zauna gaba kusa da ni, amarya na baya tana kuka cikin mayafi, Gwaggo Asabe da wata ƙawarta sun sa ta tsakiya, ɗaurin kansu ya toshe gilashin baya gaba ɗaya. Lungunmu matsattse ne, sai na sa aka naɗe madubin gefe biyun don kada su gogi katanga. Da muka hau titi Rabi ta ce a hankali, "Yaya, buɗe madubin."

Na ce, "Nan Sakkwato ce, 'yar Ingila. Da hon ake tuƙi."

Na ratsa 'yan keke napep ina hon, hannu ɗaya a sitiyari, ina satar kallonta in ga ko ta yaba. Garin kallon nata na wuce lungun gidan ango. Ga jama'a a ƙofar gida, mata har sun fara guɗa. Na ce abu mai sauƙi, na sa ribas.

"Yaya, akwai kwata ta hagunki."

"Na gan ta," in ji ni (da wane idon, oho).

Sai ji muka yi ƙum, mota ta karkace, tayar baya ta zurma cikin kwata. Guɗa ta tsaya. Ɗaurin kan Gwaggo ya tuje, amarya ta daina kuka ta ɗaga mayafi tana salati. Haka Maryam ta shiga gidan mijinta da ƙafa, tana tattare leshi tana tsallake ruwan kwata, ni kuwa ina riƙe da sitiyari, gumi har cikin kunnena.

Abokan ango suka taru suka ciccibo motar. Rabi ta zagayo ta ce in ɗan matsa mata. Ta buɗe madubin nan biyu, ta daidaita su, ta waiga, ta yi baya da motar sumul ta ajiye ta jikin katanga.

Gwaggo Asabe, tana gyara ɗaurinta, ta ce, "Ke ɗiyata, ba an ce kin hwaɗi ba?"

"Na ci a na uku, Gwaggo, kafin in taho. So na yi in gaya ma Baba da bakina."

"To mi ya kayar da ke har sau biyu?"

Rabi ta saci kallona. Wallahi ta so ta rufa min asiri, amma Gwaggo ba a kauce mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Rashin duba madubi. Malamin da ya sake koya min a can ya ce wanda ya fara koya min mota ya cuce ni."

Ba wanda ya tambayi ko wane ne. Ɗazu-ɗazu aka faɗa a ƙofar gidan Kawu, ina tsaye ina washe baki.

Kawu bai taɓa yi min zancen ba har yau. Sai dai duk ranar da na je gaishe shi da motata, yakan ce in bar ta can bakin titi, lungun ya yi matsi. Ni kuma na ɗauki darasina: kafin in yi murnar faɗuwar wani, sai na fara bincika ko ni ce malamarsa.