Jirgin Da Ya Tashi Bai Cika Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarar korona ba, kuma ko na so in manta, dangin matata na Bungudu ba za su bar ni ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, irin waɗanda suka fi kowa sanin yadda ya kamata a tafiyar da duniya, amma fayil ɗaya yana iya kwana wata guda a teburinsu. Da aka yi kulle aka ce mu zauna a gida, ban koyi sana'a ba, ban yi noma ba. Waya na riƙe, na karanta abubuwa uku ko huɗu a kan jiragen sama, shi ke nan na zama masani.

A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, kullum bayan la'asar nake buɗe darasi. Ina gaya musu cewa korona ta karya manyan kamfanonin jirage, ƙananan nan masu araha su ne za su gaji sama. Ina cewa nan gaba kaɗan, idan aka gama filin jirgin da aka daɗe ana maganarsa, mai tumatir zai tashi daga Gusau da safe ya sayar a Legas ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa. Ina cewa zamanin tasha ya ƙare, ɗan kamasho ya fara neman wata sana'a. (A lokacin ban taɓa shiga jirgi ba. Ko kusa da shi ban taɓa tsayawa ba. Amma babu wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ga dalilin da zan tona kaina ba.)

Ana cikin haka aka sa ranar auren Lawali, ƙanen matata Saudatu. Lawali yana kasuwanci a Legas, can ya samu yarinya, iyayenta mutanen Arewa ne da suka daɗe a Agege. Mahaifiyar Lawali ta rasu yana ƙarami, Saudatu ce ta goya shi ta raine shi, don haka a wurinta wannan auren kamar na ɗan fari ne. Surukina, Baba Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne a Bungudu, ƙafa ta fara ba shi matsala, ga shi likita ya hana shi doguwar tafiya saboda cutar. Ya tara mu a zaurensa, ga 'ya'yan ƙannensa, ga maƙwabta, ya tsallake su duka ya dube ni.

"Malam, kai za ka tahi ka tsaya mini. Kai ne wakilin ango, kai za ka karɓa wa Lawali aure."

Wanda ya san yadda ake ji da suruki a wurinmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa wuce mai kawo buhun shinkafa da sallah ba. Ranar na koma gida kaina ya fi hulata girma. Saudatu har da hawaye.

Baba ya ce in bi motar Alhamis, in isa Juma'a, in huta, a ɗaura aure Asabar bayan la'asar. Ni kuwa na yi wani murmushi na tausayin mutanen da. Na ce, "Baba, ai an buɗe filayen jirgi. Akwai wani kamfani mai araha, zan tashi daga Kano ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar, in yi azahar a Legas."

Ya ja carbinsa. "Jirgin ga, ka san halinai?"

"Kamar tafin hannuna, Baba."

Allah ya yafe mini.

Wani mai shagon kwamfuta a Gusau ne ya yanka mini tikiti. Da ya miƙo mini takardar, ya nuna mini wani layi da yatsa, ya ce saboda korona ana so fasinja ya isa awa uku kafin tashi, akwai aunin zafin jiki da layi da sauransu. Na ce masa na ji. A raina kuwa dariya nake masa. Yanzu ga lissafin da na yi, kuma ina roƙon mai karatu ya kula da shi, don shi ne cikon ilimina. Na karanta cewa tun da cutar ta zo jirage suna tashi babu mutane. Na kuma san jirgin nan na araha ne, ribarsa tana cikin yawan fasinja. To ni da na tashi ina ganin tashar Gusau, na san abu ɗaya: motar da ba ta cika ba ba ta tashi. Ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum ɗaya, ka zauna har ka yi azahar da la'asar a wurin. Idan ƙaramar bas ba ta yarda ta tashi da kujera biyu babu kowa, ina ga jirgin da yake shan mai kamar ba gobe? Ƙarfe goma sha biyun da suka rubuta, na ɗauke shi goma sha biyun ɗaurin aure ne, wanda ake cewa don mutane su taru zuwa biyu. Har na ce wa mai shagon ya gaya musu su riƙe mini kujerar gaba, kusa da direba. Ya dube ni, ya koma kan kwamfutarsa.

Sai maganar rakiya. A wurinmu mutum ba ya hawa jirgi shi kaɗai kamar mara dangi. Baba ya ce in dai Kano ce, ƙafarsa za ta jure, sai ya ga tashina da idonsa. Aka ɗauko shatar bas. Baba a gaba, Saudatu, ƙannen Baba mata biyu, da wasu maza uku da har yau ban san dangantakarmu ba. Direban ya so mu tashi da asuba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ba tasha za mu ba. Sai da na sha koko da ƙosai, na sa babbar riga mai ruwan ƙasa wadda ta sha guga, aka ɗora sakonni, daddawa da kuka da man shanu na amarya, sannan muka bar Bungudu rana ta fito sosai.

A Tsafe akwai Gwaggo Asabe, yayar Baba. Direba ya ce mu wuce, a dawowa sa gaishe ta. Ni, ni da bakina, na ce ba a wuce babba. Muka shiga. Ta dama fura da nono mai kyau na Fulanin gefen gari, ta ce ba mai tashi sai ya sha. Na sha, na ƙara. Ina zaune a kan tabarma ina yi mata bayanin yadda wata rana jirgi zai riƙa sauka a bayan Tsafe. Saudatu tana ta duba agogon waya tana kallona.

"Malam, lokaci fa yana tafiya," ta ce a hankali.

"Ke dai ki bar wa masu abin abinsu," na ce.

Mun shiga Kano sha ɗaya ta wuce. Kafin mu fita daga cunkoso mu isa filin jirgi, saura minti ashirin. A bakin ƙofa jami'ai suka ce 'yan rakiya ba sa shiga, dokar korona ce, su tsaya can wurin ajiye motoci. Baba ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a, ni kuma ban katse shi ba, don a ganina babu gaggawa. Na ɗaura takunkumi, aka auna goshina, aka feshe jakata da magani, aka zuba mini na wanke hannu. Na shiga ina taku ɗaya-ɗaya, ina jiran in ga inda fasinjoji suke zaune suna jiran a cika.

Babu kowa a kantar kamfanin sai wata budurwa tana tattara takardu. Na ajiye tikitina a gabanta kamar mai ajiye takardar gado. Ta duba, ta dubi agogo.

"Alhaji, an rufe. Tun ɗazu fasinjoji suka shiga."

"To madalla, sai ki nuna mini hanya in bi su."

"An rufe ƙofar jirgi. Ba a ƙara ɗaukar kowa."

Ta tagar gilashi ina hango shi, yana tsaye, ko motsi bai yi ba. Hankalina bai tashi ba tukuna, don na san wannan wasan, haka ɗan kamasho yake yi in yana son a sa masa wani abu. Na rage murya na ce, "Ya cika ne?"

"Bai cika ba. Ko rabi bai yi ba."

"To in bai cika ba, ina za shi?"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da wani mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa yana kallona. Budurwar ta sa takunkumi, amma idanunta sun gama yi mini dariya. Na ce ta kira direban ta ce masa ga mutum ɗaya ya zo. Na ce ni wakilin ango ne. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, har na ciro katin aiki, kamar jirgin yana ƙarƙashin ma'aikatarmu. Ta ce jirginsu na gaba sai Talata, kuma irin tikitina ba a canza shi, shi ya sa yake da araha. Na zagaya kantocin sauran kamfanoni, babu mai zuwa Legas kafin dare. Ina cikin wannan zagaye na ga jirgina ya juya a hankali ya kama hanya, da kujerunsa babu kowa, da kujerata ta gaba.

Na daɗe a tsaye. Wallahi na yi tunanin in ɓuya a masallacin wurin har su tafi, in nemi motar Legas, in isa gobe in ce jirgi ne ya yi ɓatan hanya. Amma aure bayan la'asar ne, kuma dole wani ya gaya wa Lawali. Na ja jakata na fita.

Suna can wurin motoci, duk sun ba ni baya, sun ɗaga kai sama. Jirgin ya taso ya bi ta kansu. Gwaggonnin suna ɗaga masa hannu da gefen mayafi. Ɗaya daga cikin mazan ya kira Lawali a waya yana cewa, "Ya tashi, yanzun nan a gabanmu, ku je ku tarbe shi." Baba kuwa ya jingina da sandarsa, ya ɗaga hannu ɗaya, yana cewa, "Allah ka sauke shi lahiya, Allah ka kai mini shi." Kowa ya ce amin.

Ni ma na ce amin. Bakina ne ya faɗa da kansa, daga bayansu, ta cikin takunkumi.

Saudatu ce ta fara juyowa. Ta dubi rigar, ta dubi jakar, ta dubi sama, ta sake dubana. Ta zauna a kan dakalin da ke wurin. Sannan sauran suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Mai wayar yana riƙe da ita a kunne, ana jin muryar Lawali yana godiya. Na gode wa Allah da ya kawo takunkumi, don rabin fuskata kawai suka gani.

Baba ya sauke hannunsa. "Malam, mi ya hwaru?"

"Sun tashi ba su cika ba, Baba."

Abin da na iya faɗa ke nan. Kamar ƙara nake kai masa, kamar zai sa a dawo da su. Ya karɓi wayar daga hannun mutumin, ya matsa gefe. Na ji yana cewa, "Lawali, ka samu wani dattijo cikin maƙwabtanka ya tsaya maka. Ka yi haƙuri, ɗana."

Wani mai sayar da tsire, mutumin kirki da bai san ko sunan kakan Lawali ba, shi ya karɓi auren. Mu kuwa muka juyo da daddawarmu da man shanunmu. Daga Kano har gida babu wanda ya zage ni, kuma na so a ce sun zaga. Saudatu tana kallon taga tana share ido da gefen hijabi. Yaron da ta goya aka ɗaura wa aure babu nasa ko ɗaya a wurin, saboda mijinta masani ne. Wannan ya fi dariyar budurwar filin jirgi ciwo, kuma har yau in na tuna sai in ji na tsani muryata.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Bayan shekara biyu aka tashi aurar da autarsa, a nan Bungudu, a ƙofar gidansa, inda ko makaho ba ya ɓata. Ya ba ɗan ƙanensa wakilci. Ya sanar wa kowa cewa ƙarfe goma na safe ne. Da na je yi masa sallama, ya riƙe hannuna cikin mutunci ya ce, "Malam, kai ka zo takwas."

Na zo bakwai da rabi. Ni na share ƙofar gida, ni na shimfiɗa tabarmi. Abin da na koya bai kai a buɗe majalisa a kansa ba: idan dattijo ya tambaye ka ko ka san abu, kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Kunyar wannan minti ɗaya ce, a cikin zaure. Tawa ta shekaru ce, kuma har yanzu ni nake shimfiɗa tabarmi.