Kakar Marubuci Ta Ƙi Barci

Akwai wani aibi da ya zama ruwan dare ga masu riƙe da sana'a biyu: idan lokaci ya gaza musu, maimakon su rage buri, sai su cike giɓin da ƙarya. Ita kuwa ƙarya ba ta zama ita kaɗai. Ta farko ce ke aiken mutum ya nemo ta biyu. Wani akawu a kamfanin sufuri, wanda ya buga littafinsa da guminsa, ya faɗa wannan rami. Duk ranar da zai je maɗaba'a ko zagayen shagunan littattafai, sai ya ce wa manaja kakarsa na kwance rai a hannun Allah. Da jinyar ta yi tsawo, manaja, mutum mai tausayi, ya ce idan an tashi aiki zai zo dubiya. Akawu ya riga shi isa. Ya tarar da tsohuwar tana shanya wanki, kwalayen littafinsa kuwa jibge a bayan ƙofar ɗakinta.

"Lafiya lau, angona," in ji ta. "Kai ne da rana tsaka? Korar ka aka yi, ko littafin ne ya ƙare a kasuwa ka zo ɗibar wani?"

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan?"

"Jira nake ka yi arziki tukuna. Da alama zan daɗe."

"To yau dai ki taimaka ki kusa tafiya. Manajanmu na nan tafe duba ki."

Ya zayyana mata komai. Ta ajiye bokiti, ta riƙe ƙugu.

"Wane ciwo ka ba ni?"

"Hawan jini. Sai ƙafa. Makon jiya kuma kin daina gane mutane."

"Wannan kam ka yi gaskiya. Ina duban ka na kasa gane akawu ne ko marubuci. Jemage, kai ba tsuntsu ba, kai ba ɓera ba."

"Kwanciya kawai za ki yi, amarya. Ki ja bargo, ki ɗan yi nishi."

"Kai nishi ya kama. Ka rubuta da kanka, ka buga da kanka, ka yaba da kanka. Saura ka saya da kanka."

"Ina da masu karatu!"

"Na san su. Gara. Daga kwalin ƙasa suka fara, kuma ba sa tsallake shafi."

"Hassada ce. Ba ki son mijinki ya yi suna 'yan mata su ƙwace shi."

"Su zo su ɗauka, har da kwalayen zan haɗa musu. In samu wurin ajiye takalmi."

Akawu ya sassauta murya, domin abin ya wuce wasa. "Kaka, idan ya gane, aikin ya tafi. Da me zan biya haya? Da me zan buga na biyu?"

"Au, akwai na biyu? Me bayin Allah suka yi maka?"

"Kaka!"

"Saurara. Ni da furfurata ba zan yi wa ɗan mutane nishin ƙarya ba. Amma akwai dabara. Ɗauko ɗaya ka karanta min. Kafin ka juya shafi barci ya kwashe ni. Ya shigo ya same ni ban san inda kaina yake ba. Ni ban yi ƙarya ba, littafinka kuma ya yi amfani karo na farko."

Maganar ta soke shi, amma mai nema ba ya fushi. Ya auna ya ga cewa zagin da zai tsare masa albashi ya fi yabon da ba zai samu ba. Tsohuwar ba ta taɓa yarda ta saurari ko layi ɗaya ba, idonta kuma ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Ta kwanta, ta ja bargo. Ya zauna a bakin gado ya fara karanta labarin wata mata mai shagon ɗinki da mijinta ya rasu, ƙanen mijin yana kai-kawo.

"Kin yi barci?"

"Saura kaɗan. Tsaya, shi wannan ƙanen mijin me ya kawo shi shagon?"

"Ki rufe ido."

"Na rufe. Kunne ne a buɗe. Ban yarda da shi ba, ka ji yadda yake gaisuwa?"

Da aka shiga babi na gaba ta dogara da gwiwar hannu. Can kuma ta zauna sosai, bargo ya zame.

"Kaka, ki kwanta!"

"Yi min shiru ka karanta!"

A nan ne akawu ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Hankali ya ce ya rufe littafin, ya tura tsohuwar cikin bargo, kuma da sauran lokacin yin haka. Sai dai tun da ya fara rubutu ba wanda ya taɓa kama hannun rigarsa ya ce, "Sai me ya faru?" Yanzu ga shi an kama. Ya juya shafi.

Manaja ya yi sallama da ledar lemo a hannu. Ya tarar da mai jinya tsaye a tsakiyar ɗaki tana dukan iska.

"Kada ki ba shi makullin shagon, sakarya! Kada ki ba shi!"

"Sannu, Kaka," in ji manaja a hankali. "Ya jiki?"

"Garau, ɗan nan. Samu wuri ka zauna, an zo wurin daɗin. Kai kuma ci gaba."

Manaja bai zauna ba. Ya dubi kwalayen, ya ɗauki kwafi ɗaya, ya dubi hoton da ke bayan littafin, ya dubi mai hoton. Ya ajiye lemon.

"Allah ya ƙara lafiya. Kai kuwa ka same ni a ofis da safe."

Da ƙarar motar ta ɓace, akawu ya dafe kai.

"Kin kashe ni, tsohuwa."

"Kai ka fara kwantar da ni."

"Cewa kika yi littafin zai sa ki barci!"

Ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa bango. Ta zaro lemo ɗaya, ta ɓare, ta miƙa masa.

"To, na janye. Angona ya iya ƙarya mai daɗi, wurin yin ta ne bai sani ba. Ungo, jiƙa maƙoshi. Ta ba shi makullin ko ba ta ba shi ba?"

Ba a kore shi ba, domin manaja ya duba cewa bai taɓa samun sa da wani laifi ba sai wannan. An dai rubuta masa gargaɗi, aka soke hutunsa na shekara, aka mayar da shi reshen da ke can ƙarshen gari, inda sai ya hau mota biyu kafin ya isa. A can yake har yau. A cikin motar yake rubuta littafi na biyu a kan cinyarsa, kuma bai kai rabi ba, saboda duk babin da ya karanta wa tsohuwar ta yi hamma, sai ya yage ya sake.