Rasuwar Mai Doro, Talabijin ɗin Sarkin Kala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da bai gama warkewa daga juya gawa ba, mai shagon tace bidiyon nan na ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai gyaran takalmi, wanda jama'a ke kira Sarkin Kala, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar talabijin ɗinsa ta aiki, Mai Doro. Ta cika ne ranar Talata da hantsi tana tsaka da aiki, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san tana yi, har shi mai jinyar.

Marigayiyar ta shigo shagon shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, zamanin da ake auna darajar talabijin da yawan ƙartin da suka ɗauko ta. Biyu ne suka shigo da ita, ɗayansu har yau in ya hango mai shago sai ya dafe baya ya canza hanya. Tun daga ranar take zaune a teburi ɗaya, kuma a fuskarta ake duba kowane hoto kafin ya fita: bikin aure, taron makaranta, buɗe sabon kanti, har tallan maganin basir. A nan Sarkin Kala yake daidaita haske, ya rage wannan launi, ya ƙara wancan, sai idonsa ya ce ya isa.

An shaide ta da rashin gaggawa. In an kunna ta takan ce "tuuum", ta yi shiru kamar dattijuwar da aka tasa daga barci, sannan hoto ya taso a hankali. An shaide ta da rufin asiri. Ƙuraje, furfura, iyakar da hoda ta tsaya a wuyan amarya, duk ta gani ta haɗiye. In ta yi fushi hoto ya fara rawa, mari ɗaya a kuncin hagu ya wadatar, kuma ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba.

A hannunta mai shago ya samu sarautarsa. Duk wanda hotonsa ya bi ta shagon nan yakan fito fuska na sheƙi, jini na gudu a kumatu, kamar wanda bai taɓa jin sunan hawan jini ba. Mata kan zo daga nesa su ce a yi musu irin kalar nan. Shi kuma ya yarda baiwa ce Allah Ya ba shi. Ya sha tsayawa a bakin shago yana yi wa tela bayanin cewa ido iri biyu ne, akwai na gani akwai na aiki, tela na gyaɗa kai da allura a baki.

Ajali ya riske ta ne a kan aikin gida, bidiyon bikin babbar 'yar mai shago. An gama gyara rabin farko, har an tura wa uwar amarya, matar mai shago, a waya ta gani ta yi murmushin da rabonsa da gani tun kafin ya fara sanƙo. Ana shirin shiga rabi na biyu sai marigayiyar ta ce "tsssss", ta ƙara da "ƙwas". Hoton ya tattare ya koma ɗigo ɗaya a tsakiya, ɗigon ya daɗe yana kallon mai shago, sannan ya tafi. Warin ƙonannen waya ya cika ɗaki. An kira mai gyaran talabijin, ya buɗe doron, ya leƙa ya daɗe, ya cire hula, ya nemi ruwan wanke hannu. Ya ce masu ƙera kayan cikinta ma sun riga ta.

Ango, yaron kirki mai neman suna wurin surukai, washegari ya aiko da sabon allo irin wanda ake kira HD, shafaffe kamar faranti, mutum ɗaya ya shigo da shi a hammata. Wannan allo bai san kunya ba. Yana ƙirga ramukan gumi a hanci, yana nuna zaren da ya zare a mayafi, yana faɗin launi yadda Allah Ya halicce shi. A kansa ne asirin jinyar ya tonu. Ashe duk tsawon shekarun nan Mai Doro tana nuna komai da duhu-duhu, da wani kore-kore kamar ruwan kududdufi. Mai shago yana ta yaƙar duhun da haske, yana yaƙar koren da ja, har sai fuska ta zama ta mutane a idonsa. Abin da ya zama daidai a fuskarta, shi ne yake fita waje yana sheƙi. In ya je gidan mutane ya ga aikinsa yana walƙiya, sai ya ɗauka baiwar ce ke ƙaruwa a hanya. Ashe cuta ce ke aiki, shi yana karɓar gaisuwa.

Ya gwada kwaikwayonta a sabon allon. Ya ƙara ja, uwar amarya ta fito kamar tumatir. Ya rage, ta fito kamar wadda aka sallamo daga asibiti. Cutar marigayiyar ba a tsaye take ba, irin ta safe daban, irin ta bayan ta ɗauki zafi daban, don haka babu wani ma'auni da za a kwafa. Ya sa tabarau mai kore. Ya liƙa koriyar leda a fuskar allon ya rage wutar ɗaki. A haka tela ya leƙo ya gan shi, ya koma da baya a hankali, ya ce wa mai gyaran takalmi a sa maƙwabci a addu'a.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. A rabin farko uwar amarya ta shiga zauren biki tana 'yar shekara talatin. A rabi na biyu, inda ta miƙe ta yi jawabi, da shekarunta cif za ta miƙe, da gumin goshi, da hararar da ta aika wa ƙanwar mijinta, wadda sabon allon ya kama tun daga tushe har ƙarshe. Kullum da yamma takan tambaye shi ina bidiyo, don 'yan uwanta mata sun riga sun raba kujerun falo. Mai shago kuwa a gidan nan yake kwana, a gidan nan yake cin abinci, ba shi da wani.

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot ɗaya ɗaure da roba, maɓallai uku kawai ke amsawa a jikinsa. Ta bar fankar da ta yi mata fifita har ranar ƙarshe, da teburin da bayansa ya lanƙwashe a hidimarta, da iyalan gizo-gizo zuriya bakwai da suka tashi a cikin doronta, yanzu ba su da matsuguni. Ta bar kuma Sarkin Kala, wanda ke roƙon a ci gaba da kiransa hakan kafin labari ya gama zagawa.

Za a fitar da ita ranar Asabar da safe. Mai sayen tsofaffin ƙarfe zai zo da baro, ana neman ƙarti biyu waɗanda ba su san tarihinta ba. Ba za a yi mata salla ba, an tambayi malamin unguwa ya ce kada a kuskura. Za a karɓi gaisuwa a shago, amma ban da masu zuwa da bidiyo a aljihu.

An sanar da uwar amarya cewa aiki ya tsaya saboda zaman makoki. Ta jajanta, ta ce makoki ya ƙare ranar Lahadi. Don haka iyalai na roƙon duk mai son taimakon mamaciya da wanda ta bari, in yana da tsohuwar talabijin a ɗakin ajiya mai nuna mutane da duhu da kore-kore, don girman Allah kada ya kai ta gyara. Ya kawo ta shago kafin Lahadi, za a biya kuɗin ɗauko. Mai lafiya kuwa kada a wahalar da kai. Akwai guda a nan, ita ta jawo duk wannan.