Rasuwar Gazala, Motar da Ba Ta Zafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunnuwan da suka samu hutu, iyalan Abu Laith na garin Salt ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gazala, mota ɗaya tilo a ƙasar Jordan da ba ta taɓa sanin zafi ba. Wannan shaida daga bakin mai ita, Abu Laith, ta fito, kuma ya maimaita ta a kowace majalisa tun ranar da ya sayo ta.

Marigayiyar haifaffiyar Italiya ce, ja, mai ƙofa biyu, ga ta ƙasa-ƙasa har sai mai tumbi ya nemi taimako kafin ya fita. Ba ta taɓa ɗaukar buhun shinkafa ko tukunyar gas ba, don ba a halicce ta domin wahala ba. Maƙwabta za su daɗe suna tuna gaisuwarta ta safe, wannan "gurrrum, gurrrum" da ke tada jarirai da tattabarun unguwa.

Ciwon ajalinta ya same ta ne a watan Agusta, ranar auren Mu'ayyad, ɗan ƙanwar Abu Laith. A wajen cin abincin jajibere aka nemi ta ja ayarin amarya, wani ya ce rana fa za ta yi zafi, ga hawan dutse.

"Zafi?" in ji Abu Laith. "Ku sa ta a tanderun burodi, za ta fito da mura."

Mahaifiyarsa, Hajiya Wasfiyya, ta ji wannan magana, ta dubi mutanen da suka ji ta.

Washegari Gazala ta fito an lulluɓe mata gaba da furanni, ta shiga gaban ayari tana tafiyar raƙumi, Abu Laith na taka mata totur a tsaye don 'yammatan biki su yi guɗa. A tsakiyar hawa allurar zafin baƙin mai ta fara tashi. Aka tsaya, dangi suka kewaye marar lafiya. Aka zaro sandar gwada mai, aka ga cike yake. Aka duba ruwan lagireto, yana nan. Fanka tana juyawa. Ba wanda ya taɓa furannin, don uwar amarya na kallo.

"To allurar ce ke ƙarya," in ji Nayif, surukin Abu Laith, wanda malamin tarihi ne.

"Haka na ce tun ɗazu," in ji Abu Laith, wanda bai ce ba. Ya ɗauki katin gayyata ya jingina a kan allurar don kada ta ɓata wa amarya rai.

Kusa da ƙofar ɗakin taro marigayiyar ta yi kalamanta na ƙarshe, "ƙas, ƙas, ƙas," ta saki wani shuɗin hayaƙi, ta yi shiru. Amarya ta ƙarasa a ƙafa.

Usta Krikor bakanike ne ya yi mata wanka. Ya samu man ya tsinke kamar shayi, ƙarafan ciki sun rungumi juna. Ya bi famfon mai da bututansa bai ga laifi ba, har ya fara zargin mutanen Italiya. Sai da yake cire furanni don ya kwance bamba ya ci karo da wani mayafi mai kauri, mai ado da jan zare da shuɗin dutsen ado, an ɗaure shi tamau a bakin motar, daidai inda ƙaramin lagireton da ke sanyaya mai yake shaƙar iska. Abu Laith ya gane ɗinkin. Da irinsa aka rufe shi yana jariri.

Da yamma ya je gaishe da Hajiya da mayafin a hannu.

"Ni na ɗaura," in ji ta, tana ɓare rumman. "Kana ta cika baki a gaban mutane. Ka san irin mugun idon da dangin amaryar nan ke da shi? Ba don ni ba da kai ma ka bi ta."

"Haka ne, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

"Ka mayar mini da abina a wanke."

Saboda haka iyalan suka amince a rubuta cewa kwana ne ya ƙare. Abu Laith na roƙon masu zuwa gaisuwa su tsaya a kan haka, musamman Nayif.

Marigayiyar ta bar mai ita, da makullai biyu, da tayar safaya da ba a taɓa sawa ba, da hotuna masu yawa a wayoyin mutanen da ba su taɓa shigarta ba. Ta kuma bar wata tsohuwar farar mota ta matarsa Umm Laith, wadda Abu Laith ya daɗe yana kira Injin Wanki.

Za a karɓi gaisuwa a zauren dangi bayan la'asar, da gahawa mai ɗaci kamar yadda aka saba. An roƙi jama'a kada su kawo furanni. Janwe zai ɗauki gawar ranar Asabar zuwa filin tsofaffin motoci na Sahab, kuma Umm Laith ta riga ta sallami mai janwen da Usta Krikor ba tare da ta gaya wa kowa ba. Masu neman Abu Laith daga ranar Lahadi za su same shi da safe a kujerar gefe ta Injin Wanki, riƙe da jakar matarsa a cinya, har ta sauke shi a ofis.